Kwalbar da Inna Ta Binne

A shekarar da sojoji suka koma bariki muna zaune a Unguwar Mu'azu, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere, ƙofa na kallon ƙofa. Bangon gidan ta waje duk hotunan 'yan takara ne, an liƙa wani a kan wani, ruwan sama ya jiƙa su har fuskokin sun kumbura. Maigidana yana aiki a masaƙa a Kakuri, da jiniyar masaƙar ma nake sanin lokacin ɗora tukunya. Mahaifiyarsa, wadda kowa a gidan yake kira Inna, tana ɗakin da ke manne da namu. A ɗakin ƙarshe kuma akwai wata Kirista 'yar kudancin Kaduna, mai ɗinki da keke, mu duka Mama muke ce mata. Rijiyarmu ɗaya, igiyar shanyarmu ɗaya. In ta yi faten acca ta zubo mana, in na yi dambu na kai mata. Na zauna gidaje da yawa bayan wannan, har da mai famfo a tsakar gida, amma ban ƙara jin daɗin zama irin nasa ba.

Ni yarinya ce a lokacin. Karatuna a firamare ya tsaya, ɗana ɗaya, bai kai shiga makaranta ba. Ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san kunyar da ke tsakanin uwa da ɗan fari. Ba na kiran sunansa, "yaron nan" nake cewa. Ba na ɗaukarsa a gaban mutane. In ya faɗi yana kuka sai in kau da kai in jira Inna ta taso. Ɗan nata ne, a ɗakinta yake kwana tun da aka yaye shi. Ita "Angona" take ce masa, shi kuma ya ce mata tsohuwa mai cinye masa nama. Abin da ba wanda ya lura da shi, idona ba ya barin jikinsa. Ko cizon sauro ya ƙaru a ƙafarsa na sani, shiru kawai nake yi.

Wata rana Inna ta tafi barka, wankansa ya faɗo kaina. Ina cuɗa masa fuska babban yatsana ya ci karo da wani abu a gaban kunnensa na hagu. Na ɗauraye sabulun na sake taɓawa. Bai fi ƙwayar wake ba, amma tauri gare shi kamar an cusa tsakuwa a ƙarƙashin fata. Ba zafi, ba ruwa. In na danna gefe ɗaya sai ɗaya gefen ya ɗago. In na ja fatar sai ya biyo ta, ga 'yan kusurwoyi suna nunawa. Yaron dariya ma yake yi, wai ina yi masa cakulkuli.

Ban iya gaya wa Inna ba. Ina zan fara? Sai dai in bi shi da ido. Kafin ruwa ya zauna sosai abin ya kai girman gurjiya, fatar wurin ta ƙara duhu. Da Inna ta gani da kanta ta ce kaluluwa ce, ta shafa masa man shanu da toka. Bai sauka ba. Ta ce to maruru ne da ya ƙi nuna, za ta kira wanzami ya buɗe shi.

A nan na kasa haƙuri. Na shiga ɗakin Mama kamar na je karɓar allura da zare, na tsaya a bakin keke na kasa fita.

"Amarya, lafiya?" Haka take kirana har na bar gidan.

Na gaya mata komai, har da yadda yake ɗagowa in an danna. Ta cire ƙafarta daga kan keke, ta ɗaura ɗankwali, ta fita ta sami Inna tana tsince shinkafa.

"Inna, wanzamin nan naku idonsa na gani kuwa? Rannan na ga ya yi wa mai shayi aski, ya bar masa rabin gona ba a nome ba."

"Ke tafi can. Ku komai asibiti, ko tuntuɓe kuka yi sai an yanka muku kati."

"Kati dai ba ya zub da jini. Fuskar angonki ce fa. In aka ɓata ta ke za ki zauna da mummunan miji."

Inna ta yi dariya har shinkafa ta zube mata a zani. Da daddaɗan baki irin wannan Mama ta shawo kanta, maigidana kuma da ya dawo ya ce shi ma asibitin ya fi kwanta masa.

Mu uku muka je da yaron, ni da Inna da Mama. Likitan mutum ne dogo mai sanƙo, Hausarsa tas. Ya ɗora yaron a gado ya danna abin, ya ja fatar, ya haska da 'yar tocila. Duk tambayar da ya yi Inna ke amsawa. Can ya ɗago ya ce, "Ina uwar yaron?"

"Ga ni," in ji Inna.

Ya yi murmushi ya dubi inda nake raɓe a bayan ƙofa. "Hajiya, na san naki ne. Amma bari in ɗan ji ta bakin mai yi miki raino."

Kaina a ƙasa na faɗi lokacin da na fara jin sa, da yadda ya girma, da cewa bai taɓa fitar da ruwa ba. Ya rubuta. Ya fita ya shigo da wani likitan, suka yi ta taɓawa suna Turanci. Ni ba Turancin nake ji ba, fuskokinsu nake karantawa, kuma na ga ba su saba ganin irinsa ba.

Daga baya ya zauna ya yi mana bayani. Ya ce ƙari ne na fata, a sama yake, bai kama ƙashi ba, za a iya cire shi. Amma ƙari dangi-dangi ne, kuma daga waje kamarsu ɗaya. Wani in an cire shi ya tafi ke nan. Wani in an bar ko ɗan ɓurɓushinsa sai ya dawo ya fi da, irin wannan dole a sake komawa a yanke fatar da ke kewaye da faɗi, kuma a wurin akwai jijiyar da ke motsa fuska. Ya ce ido ba ya bambance su, hannu ma haka. Sai an kai tsokar Zariya, inda masu aikin suke yanka ta sirara su duba a madubin da ke mai da ƙaramin abu babba. Su za su faɗi ko wane dangi ne.

Tun daga ranar in yaron yana dariya bakinsa nake kallo, ina tunanin yadda zai koma in gefe ɗaya ya daina motsi.

An yi tiyatar ranar wata Juma'a da safe. Ba a daɗe ba aka fito da shi yana barci, da auduga da filasta a gefen fuska. Bayan ya farfaɗo likitan ya kira maigidana ya miƙa masa wata 'yar kwalba mai jan murfi. A ciki akwai ruwa garau, ga abin nan a kwance a ƙasa, fari-fari kamar gutsuren kanwa da ɗan nama a jikinsa. An manna filasta a jikin kwalbar an yi rubutu. A wancan zamanin dangin mara lafiya ne ke kai irin wannan saƙo da ƙafarsu. Likitan ya ce kada a buɗe, kada a bar ta a rana, kada ruwan ya zube, ranar Litinin a kai ta Zariya.

A cikin bas Inna ta yi ta kallon aljihun ɗanta inda kwalbar ta yi tudu. Na ga kallon, amma na ɗauka tausayin jikanta ne. Da muka isa gida na naɗe kwalbar a leda na ɗora a saman kabad, bayan jeren kwanukana.

Ranar Lahadi bayan la'asar maigidana yana goge rigar da zai sa, ya ce in sauko da saƙon ya sa a jaka tun yanzu. Na taka kujera na laluba. Leda tana nan, a ninke tsaf, ba kwalba. Na sauke kwanukan nan ɗaya bayan ɗaya, na leƙa ƙarƙashin gado, na zazzage kwandon wanki. Muka fito tsakar gida. Mama ta dawo daga coci ke nan, ko takalmi ba ta cire ba. Inna tana kan tabarma da carbi, yaron na kwance a cinyarta.

"Inna, ko kin ga wata kwalba a ɗakinmu?" in ji maigidana.

"Na gani."

"Tana ina?"

"Na yi masa sutura."

Ta ci gaba da jan carbinta, sannan ta ce, "Cibiyarsa ni na binne. Gashin da aka aske ranar suna ni na binne. Ko farce na yanke masa ba na bari ya kwana a ƙasa. Sai yanzu za ku ɗauki naman jikinsa ku shiga motar haya da shi kamar manja? Hannu nawa zai bi? In sun gama kallo a bola za su zubar. An cire ciwo, Allah ya raba, me kuma ake nema?"

"Inna, likita ya ce..."

"Likita ne ya haife ka?"

Maigidana ya sunkuyar da kai. Ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba, kuma na san ba ranar zai fara ba. Mama ta matso ta durƙusa a gefen tabarma.

"Haba Inna, ki taimaka. A ina kika sa?"

"Ke Mama, tsakaninki da Allah, a garinku ana yawo da naman mutum a leda?"

Mama ta girgiza kai. "Gaskiya ba a yi," ta ce a hankali.

To, kowa ya ƙare. Kuma ni kaina na san Inna ba mugunta ta yi ba. Abin da uwata za ta yi ke nan, abin da ni ma zan yi da ban ji bayanin likita da kunnena ba. Amma in kwalbar ta zauna a ƙasa, ba mai gaya mini ko abin nan ya tafi ko yana nan yana jira. Ko dai a sake yanka fuskar yaron a kan zato, ko mu zauna shekara da shekaru muna tsoro.

Sai na durƙusa. Na ji bakina ya kira sunan yaron, sunansa na yanka, a gaban Inna, a gaban babansa, a tsakar gida. Shi kansa sai da ya ɗago kai ya dube ni, don bai taɓa ji daga bakina ba.

"Inna, ki yi mini rai," na ce. "In ba a duba ba kullum sai na taɓa wurin nan, da safe in taɓa, da yamma in taɓa. In mugun ne ya dawo ba mu sani ba fa? Na san naki ne, ban taɓa ja da ke ba. Amma ni ma ɗana ne, Inna. Ni ma ɗana ne."

Kuka ya hana ni ƙarasawa. Na rufe fuska da mayafi, kunya kamar ƙasa ta tsage. Ina jin kaji suna tono a bakin rijiya, ina jin rediyon maƙwabta ana ta maganar sababbin 'yan majalisa.

Can na ji Inna ta ajiye carbi.

"Ashe kin san sunansa," ta ce. "Ni na ɗauka sai an aiko miki da shi daga gidanku." Ta ɗaga yaron ta miƙa wa Mama, ta dubi maigidana. "Kai kuma ka tsaya kamar turken awaki, ɗauko mini fartanya."

A bayan madafa ne, gindin zogale, inda ba mai takawa. An yi ruwa kwana biyun, ƙasar ta yi laushi. Ba ta bar kowa ya taɓa ba. Ta ɗan sara sama-sama, ta ajiye fartanyar ta ci gaba da hannu don kada ƙarfe ya fasa kwalbar. Ta zaro ta a naɗe cikin farin ƙyalle sabo, an ɗaure da zare. Tana warwarewa tana mita.

"Na so in wanke shi in sa a ƙyallen kawai. Ina buɗe murfin wani abu ya bugi idona, hawaye shar, kamar na yanka albasar duniya. Na ce a'a, wannan ruwan ba na mutane ba ne, na mayar na rufe."

Mama ta ce, "Allah ya yi wa ruwan nan albarka, shi ya fi mu iya magana da ke."

Tsokar tana nan a cikin ruwanta. Sai dai danshi ya ci rubutun filastar, tawada ta bazu, ba abin da ake ganewa. Saboda haka ranar Litinin sai da muka fara komawa wajen likitan. Maigidana ya yi ta kewaye-kewaye, Inna ta katse shi ta faɗi abin da ta yi da bakinta, ko a jikinta. Likitan ya ɗaga kwalbar ya duba ta a hasken taga, ya tambaya ko tsokar ta taɓa fita daga ruwan. Aka ce a'a. Ya ƙara ruwan, ya manna sabuwar filasta ya sake rubutu. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi kakarsa ma da haka za ta yi, sai dai ita da ba za ta tono ba.

Maigidana ya kai kwalbar Zariya, sai jira. Aka warware ɗinki, wurin ya warke ya bar ɗan layi. Damina ta yi nisa. Da yamma mukan fito tsakar gida mu duka, Mama ta jawo kekenta bakin ƙofa saboda haske, Inna tana ɓare gyaɗa, maza suna gardamar ko farar hula za su daɗe a wannan karon. In gari ya yi garau bayan ruwa, daga bakin titi har wutar matatar mai ta wajen Rido ana hangowa. Ban san waɗannan ne kwanakinmu na ƙarshe a haɗe ba. Ba a daɗe ba gari ya rikice, kowa ya nemi inda nasa suka fi yawa. Mama ta koma Narayi, masaƙa ta yi ta rage mutane har ta rufe, Inna kuma Allah ya yi mata rasuwa a wani gidan daban. A lokacin duk ban ga daɗin zaman ba, hankalina yana Zariya.

Zuwan maigidana na farko karɓo sakamako ya dawo hannu wofi. Aka ce masa wanda ya fara dubawa ya ga wasu ƙwayoyi masu duhu a cunkushe, irin waɗanda ake gani a mugun ƙari, amma babbansu bai gamsu ba, ya ce a sake yankowa daga wani gefen. Ya gaya mini wannan a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa. Ranar na zuba gishiri sau biyu a miya. Inna ta ci hakanan, sai da ta gama ta ce wa yaron, "Je ka ɗakin uwarka ka taya ta hira, ni na gaji da surutunka." Tun daga nan ta riƙa turo mini shi da wani dalili ko ba dalili.

Da sakamakon ya fito muka ɗunguma wajen likitan. Ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya faɗi wani dogon suna. Na gwada maimaitawa a zuciyata, kafin mu fita ya ɓace, har yau ban riƙe shi ba. Amma bayanin na riƙe. Ya ce daga tushen gashi abin ya taso. Ƙwayoyin da ya kamata su yi gashi ne suka rikice, maimakon su fito waje sai suka dunƙule a ciki suka daskare, shi ya sa yake da tauri. Ya ce a yanka na biyu ne suka ga alamar da ta raba gardama: wasu ƙwayoyi da suka mutu suka bar surarsu babu komai a ciki, kamar inuwa. Wannan dangin kaɗai ke yin haka. Ba a cika samunsa ba, shi kansa a littafi ya san shi kafin yaronmu. Ba ya yawo a jiki, kuma sun duba gefe-gefen sun ga an cire shi duka.

"Za a sake yanka?" Ni na tambaya, da muryata, ban jira kowa ba.

"Ba za a sake ba. Ku tafi gida."

Inna ta gyara mayafi. "Gashi?" ta ce. "Duk wannan wahala, da Zariya, da tonon rami, a kan gashi? Kai Angona, mutane na fitar da nasu a ka, kai ka ɓoye naka a kumatu don rowa."

"Ke ce marowaciya," in ji yaron, likita na dariya.

Da muka dawo gida rana ba ta yi sanyi ba. Na zauna a dokin ƙofa da niyyar in cire takalmi in ɗora tuwo. Ban san inda nake ba sai dab da magariba, kaina a jingine da bango, an lulluɓa mini zani. Mama ce ta gaya mini Inna ta hana kowa tashina, har ta kori kaji daga wajen, ta shiga madafa da kanta, ita da ta yi shekaru ba ta riƙe muciya ba. Tuwon ya yi gudaji ta ko'ina. Maigidana ya cinye nasa tas, ya ce a ƙaro.